Ƙasar Bangal a Idon Baƙi Biyu

Wasiƙarmu ta yau za ta leƙa ƙasar Bangal, wadda tun shekarar 1947 aka raba ta biyu: yamma tana cikin Indiya, gabas kuwa ita ce ta zama Bangladesh a 1971. Da yawa daga cikinmu in an ambaci wannan yanki, ambaliya da yunwa ne ke faɗo mana a rai. To amma baƙin da suka ratsa titunanta shekaru ɗari shida da suka wuce ba haka suka gani ba.

Na farko shi ne Ibn Baɗɗuɗa, mutumin Tanja ta Maroko, wanda ya sauka Bangal wajajen 1346, zamanin Sarki Fakhruddin Mubarak Shah. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne arahar kaya a kasuwa. Ya tarar da kaji takwas masu ƙiba a dirhami ɗaya, saniyar tatsa a dinari uku na azurfa. Ya yi kwana 15 a cikin jirgin ruwa zuwa birnin Sonargaon, ƙauyuka da lambuna dama da hagu, in jirage biyu suka gamu sai kowanne ya buga ganga a gaisa. Sarki ya hana a karɓi kuɗin fito daga fakirai.

Na biyu Ma Huwan ne, Musulmi ɗan ƙasar Sin, tafinta a ayarin jiragen Zheng He a farkon ƙarni na 15. Shi hankalinsa ya fi karkata ga hidimar titi. Ya ba da labarin gidajen wanka da shagunan abinci da na kayan zaƙi. Ya ce ba su da shayi, don haka da ƙwayar taunawa ake tarbar baƙo, kamar dai yadda muke miƙa goro. Da asuba makaɗa kan tsaya ƙofar gidajen manya da ganguna da abin busa, a sallame su da abinci ko kuɗi. Akwai kuma mai yawo da damisa a sarƙa, shi da matarsa. Ya kwance ta ya yi kokawa da ita, har ya cusa hannu cikin bakinta, 'yan kallo su ba shi kuɗi, ita kuma a jefa mata nama. Wanda ya taɓa ganin masu wasa da kura ba zai yi mamaki ba.

Ga wani abin da ya haɗa mu da su. Ƙananan kuɗin kasuwar Bangal wuri ne, daga tsibiran Maldif ake kawo shi a musanya da shinkafa. Ibn Baɗɗuɗa ya ce a Maldif wuri 400,000 ake bayarwa a dinarin zinariya ɗaya, amma da ya zo Mali da Gao a tafiyarsa ta 1352 zuwa 1353 sai ya tarar da 1,150 kacal ne dinari. Wannan wurin ne daga baya ya zama kuɗin kasuwar Kurmi.

Sai dai mai karatu, a yi hattara, idon baƙo yana da iyaka. Shinkafar da Ibn Baɗɗuɗa ya ga kamar kyauta ce, shi da kansa ya ji 'yan gari suna kukan ta yi tsada. Kuma arahar ba ta bar ɗan Adam ba, domin ya sayi kuyanga a kusan dinarin zinariya ɗaya, ya lissafa ta cikin kaya masu sauƙi. Mai zinariya a aljihu da mai noman shinkafar ba kasuwa ɗaya suke ci ba.

Haka kuma yunwar da muka san Bangal da ita tana da nata tarihi. Bayan yaƙin Palashi na 1757 kamfanin Ingila mai ciniki da Indiya ya kama ragamar ƙasar, a 1770 aka yi yunwar da aka ƙiyasta ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'a, kamfanin bai fasa karɓar haraji ba. A 1943 wata ta sake kashe kimanin mutum miliyan uku, har masanin tattalin arziki Amartya Sen, ɗan Bangal, ya nuna cewa tsada ce ta fi ƙarfin talaka.

Saboda haka mu da ke aiko labarin ƙasashen mutane, da ku masu karantawa a gida, mu riƙa tambaya: wa ya gani, kuma me ke aljihunsa? Allah Ya sa mu dace. Sai wasiƙa ta gaba, a gaida mutan gida.