Daga Kano zuwa Jidda: Tafiyar Shekaru da ta Koma ta Awa Biyar

Tsakanin filin jirgin saman Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kimanin kilomita 3,400 idan aka bi ta sama kai tsaye. Jirgi yakan cinye wannan nisa cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Maniyyaci zai yi sallar Asuba a Kano, La'asar ta same shi a ƙasa mai tsarki, duk da cewa agogon Jidda yana gaban namu da awa biyu.

Kakanninmu ba da awa suke lissafin wannan tafiya ba, da damina suke ƙirga ta. Daga Kano sai Maiduguri, sai Fort Lamy wadda ake kira Injamena a yau, sai Abeche, Alfashir, Al'ubayyid da Khartoum, har a kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa. Talaka yakan tsaya a hanya ya yi noma ko ƙodago idan guzuri ya ƙare, don haka wani sai ya shekara biyar ko fiye bai dawo ba. Mai tafiya yakan raba dukiyarsa, ya nemi gafarar dangi, domin ba kowa ke dawowa ba.

Wasu ma zamansu suka yi a can. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'arsa zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Kogin Nilu. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, maniyyata da dama suka samu aiki a ciki, jikokinsu suna Sudan har yau.

A wannan shekarar ce kuma, ranar 1 ga Nuwamba, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano. Daga Helwan ta ƙasar Masar suka taso, suka biyo ta Sudan da Chadi suna yada zango, kusan a kan sawun alhazai. Kwana shida suka yi. Zuwa shekarun 1950 an fara jigilar maniyyata ta sama, sannu a hankali hanyar ƙasa ta mutu.

Saurin bai kawar da haɗari ba. Ranar 22 ga Janairun 1973, jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Legas ya karkato Kano saboda rashin kyawun yanayi, ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 suka rasu.

Har yanzu kuma ƙasar da ke ƙarƙashin jirgi tana da ta cewa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙara ƙonewa. Garuruwan da alhajin yau ba ya ko hangowa ta taga, irin su Alfashir, su ne suka ciyar da kakanninsa suka ba su masauki. A cikin waɗanda yaƙin ya raba da gidajensu akwai masu jin Hausa, zuriyar mutanen da suka bar Kano da Sakkwato da niyyar Makka, hanya ta riƙe su.