Hurumi da Bashi: Yadda Aikin Lauyan Kasuwanci Ya Ginu a Nijeriya

Shari'ar kasuwanci, wato ƙarar da ta shafi kwangila da bashin banki da rikicin masu hannun jari, ta fara ne a Legas a hannun lauyoyin da suka yi karatu a Ingila, kuma sai a 1948 aka samu ofishin haɗin gwiwa na 'yan ƙasa zalla, wanda Bode Thomas da Rotimi Williams da Remi Fani-Kayode suka kafa. Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya ta fara aiki a 1963, amma abin da ya buɗe wa sana'ar kasuwa shi ne kuɗin man fetur da kuma dokokin 1972 da 1977 da suka tilasta wa kamfanonin waje sayar wa 'yan ƙasa hannun jari. A wannan tsakani, a 1975, aka ƙirƙiro muƙamin Babban Lauyan Nijeriya, SAN, wanda Williams da Nabo Graham-Douglas suka fara samu.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka cewa gwanin lauyan kasuwanci shi ne wanda ya fi kowa iya fassara kwangila, alhali tarihi ya nuna cewa mafi yawan sunan da aka yi a wannan fage an yi shi ne a kan hurumi, wato ikon da doka ta ba wata kotu na sauraron wata ƙara. Tun a shari'ar Madukolu da Nkemdilim ta 1962 aka tabbatar da cewa duk hukuncin da kotu ta yanke ba tare da hurumi ba aikin banza ne, komai kyansa, kuma ana iya tayar da batun a kowane mataki, har a gaban Kotun Ƙoli. Da gwamnatin soja ta kafa Kotun Haraji ta Tarayya a 1973, wadda ta koma Babbar Kotun Tarayya a 1979, sai aka samu kotuna biyu masu daraja ɗaya, wato ita da babbar kotun jiha, suna jayayya kan wadda za ta saurari rikicin banki. An tafka muhawara a shari'ar Bronik Motors da Bankin Wema a 1983, aka faɗaɗa ikon kotun tarayya da dokar soja a 1993, aka zuba shi a sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999, sannan a 2004 Kotun Ƙoli ta ce rikicin banki da abokin hulɗarsa kowace daga cikin kotunan biyu na iya sauraronsa. Shekara talatin ke nan ana fafatawa a bakin ƙofa, kuma a cikinsu wanda ake bi bashi, idan ya samu ƙwararren lauya, ya sha jan lokaci har faɗuwar darajar naira ta cinye rabin abin da ake binsa.

Shari'ar Bankin Savannah da Ajilo ta 1989 ta nuna yadda sakaci ɗaya ke rusa ciniki. Mutum ya jinginar da gidansa a kan rance, da banki ya zo sayar da gidan sai ya ce jinginar ba ta da inganci domin ba a nemi amincewar gwamna ba, kamar yadda Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta tanada, kuma Kotun Ƙoli ta yarda da shi. Daga nan lauyan banki ya koyi fara duba sa hannun gwamna kafin ya duba adadin kuɗin. Makamancin haka ya faru a shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, inda aka yanke cewa takardar ƙarar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, maimakon sunan lauyan da ke cikin rajista, ba ta da tushe, hukuncin da ya yi awon gaba da ƙararraki masu yawa da aka shafe shekaru ana yi.

Rushewar bankuna a shekarun 1990, da haɗewarsu daga 89 zuwa 25 a 2005, da kafa hukumar AMCON a 2010 don sayen basussukan da suka maƙale, duk sun ƙara wa lauyoyi aiki, yayin da dokokin Babbar Kotun Legas na 2004 suka wajabta gabatar da bayanan shaidu da takardu tun ranar shigar da ƙara, abin da ya mayar da nauyin aikin daga iya magana a gaban alƙali zuwa iya rubutu a ofis. Duk da haka jinkirin ɗaukaka ƙara bai gushe ba, shi ya sa manyan kamfanoni suka koma sasanci, inda ɓangarori ke zaɓen masu yanke musu hukunci da kansu, galibi a Landan. Wannan ma ba tudun mun tsira ba ne. Kamfanin P&ID ya ƙulla yarjejeniyar sarrafa iskar gas da gwamnatin Nijeriya a 2010, bai gina masana'antar da aka tsara a Kalaba ba, amma a 2017 masu sasanci suka ba shi diyyar dala biliyan 6.6, wadda da kuɗin ruwa ta kai kusan biliyan 11. Sai a Oktoban 2023 Babbar Kotun Ingila ta gano cewa an samu kwangilar ta hanyar cin hanci, kuma ɓangaren kamfanin ya riƙe takardun sirri na lauyoyin Nijeriya a lokacin sasancin, bisa haka aka soke diyyar.