Daga Askar Wanzami Zuwa Zauren Likitocin Fiɗa

Wanda ya taso a Wurno, ko Rabah, ko Goronyo, ya san cewa tun kafin a ji sunan asibiti, aska ba ta shiga hannun kowa sai wanda ya gaje ta, ya daɗe yana riƙe wa ubansa zabira, har Sarkin Aska ya yarda cewa hannunsa ya nuna, sa'an nan a sallama masa kaciya da ƙaho da sakiya. Hikimar magabata a nan ita ce, wanda za a miƙa wa jikin ɗan Adam lalle ne a sami jama'ar da za ta shaide shi, ta kuma tsawata masa idan ya kauce. A Wurno ɗin nan, ribaɗin da aka binne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, ba a ɗauki ɗibbu baƙon ilmi ba, domin shi kansa ya yi talifi a kan ciwon ido da basur, kamar yadda Zahrawi na Ƙurɗuba ya rigaya ya siffanta kayan fiɗa a littafinsa Attasrif.

Abin mamaki, a Ingila ma daga wanzanci aka faro, gama a 1540 aka haɗa wanzamai da masu fiɗa a ƙungiya guda, ba su rabu ba sai 1745, kuma daga wannan rabuwa ce kwalejin likitocin fiɗa ta Landan ta fito, ta sami izinin sarki a 1800. Da ilmi ya faɗaɗa, aka gano maganin sa barci da hanyar kashe ƙwayoyin cuta, sai masana suka lura cewa abin da likita ɗaya ya gano bai halatta ya tsaya a garinsu ba. Saboda haka aka kafa ƙungiyar likitocin fiɗa ta duniya a Brasels a 1902, Max Thorek kuma ya assasa wata a Janiba a 1935.

Namu rabon ya zo a watan Disamba na 1960, lokacin da Victor Ngu, ɗan Kamaru, da Charles Bowesman, mai aiki a Gana, suka tara 'yan'uwansu a Ibadan, aka kafa ƙungiyar likitocin fiɗa ta Afirka ta Yamma, aka ɗora Samuel Manuwa a kan shugabancinta. A 1973 ta zama kwaleji, ta ɗauki nauyin horarwa da jarrabawa, domin a daina dogara ga ƙetare wajen samun ƙwararru, ta kuma haɗa masu Turanci da masu Faransanci. Ba a shiga cikinta da kuɗi ko nasaba: sai likita ya gama karatunsa, ya yi shekaru yana almajirci a gaban manya a asibitin da aka amince da shi, irin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ya ci jarrabawa daki-daki, ya gabatar da bincike, kafin a ba shi abin da malamanmu za su kira ijaza.

Amma maƙasudin ijaza ba ya cika a ranar da aka yafa wa mutum alkyabba. Yana cika ne ranar da mace mai doguwar naƙuda daga ƙauyukan Goronyo ta tarar da hannun da zai ceto ta kafin yoyon fitsari ya same ta, da ranar da manomin fadamar Rima mai gwaiwa ya koma gonarsa lafiya. Wanzamin dā yana zaune cikin mutanen da yake yi wa aiki, ana iya buga masa ƙofa da tsakar dare. Wajibi ne magajinsa na yau, wanda ya fi shi ilmi nesa, ya kusanci jama'a kamar yadda shi ya kusance su, gama amanar da ke wuyansu guda ce.