Zazzaɓin Lassa da Ebola: Yadda Cutar Ke Fara Kama Jiki

Zazzaɓin Lassa ya samo sunansa daga garin Lassa na jihar Borno, inda aka fara gano shi a 1969. Shi da Ebola suna cikin zazzaɓin da kan kai ga zubar jini. A Faransa, ana nazarin ƙwayoyinsu masu rai a ɗakin gwaje-gwaje na P4 Jean Mérieux da ke Lyon, wanda Shugaba Jacques Chirac ya buɗe a 1999. Cibiyar Pasteur ta Paris tana da sashe a can, kuma tawagarta ƙarƙashin Sylvain Baize ce ta tabbatar, a watan Maris na 2014, cewa Ebola ce ta ɓarke a Gini.

Ta ina take shiga?

Lassa na shiga ta abinci ko ƙurar da fitsari ko kashin ɓera ya ɓata, ko ta jinin majiyyaci. Abin mamaki, ƙwayoyin da take fara kamawa su ne masu gadin jiki, wato makrofaj da dandiritik, waɗanda aikinsu shi ne su hango baƙo su yi kururuwa. A 2004 Baize da abokan aikinsa suka nuna cewa Lassa na hayayyafa cikinsu ba tare da ta farkar da su ba. 'Yar uwarta Mopeia, wadda ba a san ta da cutar da mutum ba, tana shiga sai makrofaj su farka. Wato shirun nan ne ke ba Lassa damar bazuwa zuwa hanta da saifa kafin garkuwar jiki ta shirya.

An kuma gano ƙofofin shigar. Lassa na maƙale wa furotin alfa-distroglaikan a bayan ƙwayar halitta (1998), Ebola kuwa sai ta sami furotin NPC1 a ciki (2011).

Amfaninsa gare mu

Tunda a kwanakin farko ake cin yaƙin ko a faɗi, jinkiri shi ne babban hatsari. Lassa ta fi yawa a Najeriya lokacin rani, daga Disamba zuwa Afrilu, kuma farkonta kamar zazzaɓin cizon sauro take. Duk wanda ya dawo daga gida, zazzaɓi ya kama shi cikin kwana 21, ya buga lamba 15, ya faɗi inda ya je da ranar da ya dawo. Kada a tsaya shan magani a ɗaki.

Allah Ya kare mu da iyalanmu, amin.