Tarihin Fiyus: Wayar da Aka Ƙera Don Ta Ƙone

Ka taɓa kunna AC ko hita, wuta ta ɗauke maka alhali maƙwabta na da ita? Ka duba, ka tarar fiyus ne ya ƙone. Ka canja, kwana biyu ya sake. Ko a Birnin Kudu kake ko a Gwaram, shawarar da za ka fara ji ɗaya ce: a naɗa masa waya mai kauri, kowa ya huta. Kafin ka bi ta, bari mu ga inda wannan ɗan ƙaramin abu ya samo asali.

Wajen shekarar 1840, James Joule na Ingila ya gano cewa idan wutar da ke bin waya ta ninka sau biyu, zafin da wayar ke yi sau huɗu yake ninkawa. A 1847 kuma wani Bafaranshe, Louis Breguet, ya ba da shawarar a riƙa saka siririyar waya a layin talgiram, domin in tsawa ta faɗo, ita ta narke, na'urorin tasha su tsira. Ka ga kenan fiyus ya girmi wutar gida. Thomas Edison na Amurka ya yi rajistar nasa a 1890, sannan a 1924 Hugo Stotz na Jamus ya yi rajistar bireka, wadda faɗuwa kawai take yi a sake tayar da ita.

Filogin nan mai ƙafa uku da ke ɗakinka fa? Daga Birtaniya muka gaje shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tagulla ta yi ƙaranci, sai suka tsara wayarin da soket da yawa ke kan layi ɗaya, aka ba kowane filogi fiyus nasa. A 1947 tsarin ya fito, kuma fiyus mafi girma a cikinsa amfiya 13 ne.

Yanzu mu yi lissafi. Wutarmu bolt 230 ce, saboda haka amfiya 13 na ɗaukar wat 3,000 ne kacal. Da sanyin hunturu, in ka jona hita mai wat 2,500, butar lantarki mai 2,000 da dutsen guga mai 1,500 a ekstenshan ɗaya, ka kai amfiya 26. Ninki biyu kenan, zafi kuma ninki huɗu.

To, yaya za ka gano matsalar? Lura da lokacin da yake ƙonewa. In nan take ne da zarar ka kunna, galibi wayoyi biyu ne suka haɗu: ɓera ya ci roba, ko ruwa ya shiga hita. In sai kwamfireson AC ya zo tashi ne, a duba kafasita da ƙarfin wuta, domin kwamfireso na jan wuta ninkin-ba-ninki lokacin tashi, musamman in wutar ba ta da ƙarfi. Shi ya sa ake so ka jira kamar minti 3 kafin ka sake kunna shi bayan an dawo da wuta. In kuwa sai an jima ne, ko dai kaya sun yi yawa, ko ƙurar hunturu ta toshe bayan AC, ko wata waya ta yi sako-sako tana zafi. Cire komai, ka mayar ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ƙona fiyus ɗin, kira masa ƙwararren mai gyara.

Ranar da ka naɗa waya mai kauri, zafin bai tafi ko'ina ba. Ya koma kan wayar da ke cikin silin ne, saman inda yaranka ke barci. Sayi fiyus mai lamba irin ta wanda ya ƙone, sannan ka nemo abin da ya ƙona shi.