Riƙon Ƙaramin Kare Tare da Kyanwoyi: Abinci da Wurin Kashi

A ƙauyukan Ajekoriya, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maradi, gidaje da yawa suna riƙe da kare da kyanwa a lokaci guda. Kowannensu da aikinsa. Kare yana gadin gida da garke, yana kuma raka mafarauta daji. Kyanwa, wadda wasu ke kira mage ko mussa, tana tsare rumbu daga ɓarnar ɓeraye. Malamai sun bayyana cewa an halatta riƙe kare domin kiwo, da gona, da farauta. Sun kuma bayyana cewa duk dabbar da mutum ya riƙe, cinta da shanta suna wuyansa.

Wahala takan fara ne idan aka kawo kwikwiyo gidan da kyanwoyi suka riga suka zauna. Kwikwiyo yakan cinye abincin kyanwa. Yakan yi kashi a tsakar gida, inda yara ke rarrafe. Yakan kuma tone wurin da kyanwa ta binne nata. Maganin wannan duka abu ɗaya ne: kowace dabba ta sami kwanonta da wurin kashinta, kuma duka biyun su yi nesa da abincin mutane da wurin wasan yara.

Me ya sa wannan ya shafi lafiyar iyali?

Kashin kare da na kyanwa suna ɗauke da ƙwan tsutsotsi da ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Ga uku daga cikin cututtukan da suke kawowa:

- Tsutsar ciki. Yawancin kwikwiyoyi suna samun ta daga uwarsu, tun suna ciki ko kuwa ta wurin nono. Ƙwanta yana fita cikin kashi, ya nuna a ƙasa cikin mako 2 zuwa 4. Yaron da ya ci ƙasa ko ya sa hannu mai datti a baki yana iya haɗiye shi. Tsutsar takan taɓa hanta, wani lokaci har ido.
- Ƙullutun ruwa. Wata ƙaramar tsila ce da ke zaune a hanjin kare take kawo shi. Idan mutum ya haɗiye ƙwanta, ƙullutu mai ruwa yakan girma a hankali a hantarsa ko huhunsa, shekara da shekaru. Sau da yawa sai an yi aiki a asibiti kafin a cire shi.
- Cutar kashin kyanwa. Likitoci suna kiranta tokisofilasma. Ga yawancin mutane ba ta da tsanani. Amma idan mace ta kamu da ita karo na farko tana da juna biyu, cikin yana iya zubewa, ko a haifi jariri da lahani a ido ko a ƙwaƙwalwa.

Hanyar cutar gajeriya ce: daga kashi zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa hannu, daga hannu zuwa baki. Wanda ya tsare ƙasar gidansa ya yanke wannan hanya.

Abincin kare daban, na kyanwa daban

Kare yana iya cin tuwo, da ƙanzo, da dafaffen wake, da sauran abincin gida. Amma tuwo kaɗai ba ya gina jikin kwikwiyo. Ku ƙara masa ɗan dafaffen nama, ko dafaffen ƙwai, ko garin busasshen kifi wanda babu ƙaya a ciki.

Kyanwa kuwa mai cin nama ce. Akwai abin gina jiki da take buƙata wanda ba ta samu sai daga nama ko kifi. Idan ta daɗe ba ta samu ba, ganinta yakan ragu, zuciyarta ta yi rauni. Saboda haka abincin kare ba ya isar kyanwa. Wasu suna cewa a bar kyanwa da yunwa domin ta fi kama ɓera. Wannan kuskure ne. Kyanwa mai ƙoshi ba ta daina farauta, kuma ta fi zama a gida. Mai yunwa ita ce take buɗe tukunya, take kama ƴan tsaki.

Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya kai mako 8. Daga nan a ciyar da shi kamar haka:

- Daga wata 2 zuwa wata 3: sau 4 a rana.
- Daga wata 3 zuwa wata 6: sau 3 a rana.
- Daga wata 6 zuwa sama: sau 2, safe da yamma.

Ku riƙa ba shi abinci a lokaci ɗaya kullum. Dabbar da ke ci a kan lokaci tana yin kashi a kan lokaci, kuma wannan ne yake sauƙaƙa koya mata wurin da za ta yi.

Yadda za a raba wurin ci

- Ku ware wa kowace dabba kwanonta ko kaskonta. Kada a yi amfani da shi wajen abincin mutane, kada kuma a wanke shi tare da kwanukan gida.
- Ku ajiye kwanon kare a ƙasa, a gefe guda na gida, nesa da murhu da randa.
- Ku ɗora na kyanwa a bisa, kamar kan katanga, ko kan dutsen da ke kusa da rumbu, inda kwikwiyo ba zai kai ba. Kyanwa tana iya hawa, shi kuwa ba ya iyawa.
- Idan kyanwoyin sun fi ɗaya, kowace ta sami nata kwano, domin kada mai ƙarfi ta hana ƙarama ci.
- Bayan kamar minti 15, ku ɗauke abin da ya rage. Abincin da ya yini a rana yana lalacewa, yana kuma jawo ƙuda.
- Ku rufe tukwane da kwanukan abincin gida. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.
- Ku hana yara taɓa kare yana cikin cin abinci. A wannan lokaci ne yakan yi cizo.

Ruwa mai tsabta ya kasance a inuwa dare da rana. Kare mai nauyin kilo 5 yana buƙatar fiye da rubu'in lita a rana, kuma buƙatarsa tana ƙaruwa sosai da bazara, daga watan Maris zuwa Mayu. Idan dabba tana da ruwanta, ba za ta sa baki a tulu ko bokitin gida ba.

Abubuwan da ba a ba su

- Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe. Suna lalata jinin kare da na kyanwa. Ku ɗebe musu rabonsu kafin a zuba miya.
- Goro, shayi, gahawa da cakulan.
- Abinci mai yawan gishiri ko barkono.
- Dafaffun ƙasusuwan kaza da ƙayar kifi. Suna tsagewa su soki maƙogwaro ko hanji.
- Madara da yawa. Takan sa babbar kyanwa da babban kare zawo.
- Maganin mutane. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya kashe kyanwa.

Haka kuma, gidan da ke da kyanwa ya yi hankali da maganin ɓera. Dabbar da ta ci maganin, ko ta ci ɓeran da maganin ya kashe, tana iya mutuwa.

Ranar yanka

A ranar suna, ko ta layya, ko a mahauta, an saba jefa wa karnuka abin da aka yanke daga hanta ko huhu saboda yana da ƙullutu. Ta nan ne kare ke samun tsilar da aka ambata a sama. Daga baya ya watsa ƙwanta a gida da makiyaya, mutane da tumaki da raƙuma su kamu. Akwai kuma wata tsilar da kare ke samu idan ya ci ɗanyen kan tunkiya. Ita ce ke sa tunkiya ta riƙa juyi a wuri ɗaya har ta mutu.

Saboda haka, duk naman da aka ga ƙullutu a jikinsa a ƙone shi, ko a binne shi da zurfi yadda kare ba zai tone ba. Kayan ciki masu kyau a dafa su sosai kafin a ba kare ko kyanwa.

Koya wa kwikwiyo wurin kashi

Ku zaɓi wuri ɗaya a bayan gida, nesa da rijiya, da murhu, da inda ake shanyar hatsi ko kuɓewa. Ku zuba masa rairayi. Sannan ku bi waɗannan matakai:

1. Ku kai shi wurin da zarar ya tashi daga barci, da bayan kowane cin abinci, da kuma kafin a kwanta.
2. Ku lura da alamunsa. Idan ya fara shinshina ƙasa yana kewayawa, ku ɗauke shi nan take.
3. Idan ya yi a wurin da ya dace, ku yaba masa da murya mai taushi, ku ba shi ɗan abin ci.
4. Idan ya yi a tsakar gida, kada ku doke shi, kada ku goga hancinsa a kai. Duka ba ya koya masa komai sai tsoro, sai ya koma yi a ɓoye, bayan randa ko ƙarƙashin gado.
5. Ku kwashe kashin tare da ƙasar da ta jiƙe, ku zuba toka da sabuwar ƙasa. Idan warin ya saura, nan zai sake komawa.

Kwikwiyo ɗan wata 2 ba ya iya riƙe fitsari fiye da kamar awa 2. Sai ya kusa wata 6 kafin ya iya riƙewa da kyau. Aikin yana son haƙuri.

Wani lokaci dole ne kwikwiyo ya kwana a rufe, saboda sanyin hunturu, ko ruwan damina, ko rashin lafiya. A irin wannan hali ku sa shi a zaure ko rumfa, ba ɗakin da mutane ke kwana ba. Ku ajiye masa faffaɗan kasko cike da rairayi a kusurwa ɗaya, shimfiɗarsa da ruwansa kuma a ɗaya kusurwar. Kare ba ya son ɓata wurin kwanansa. Da safe a zubar da rairayin, a sa sabo.

Kaskon kyanwa

Kyanwa ba ta buƙatar koyarwa mai yawa, domin ta saba binne kashinta. Abin da take nema shi ne ƙasa mai laushi da wurin da ba a damunta. Idan ba a ba ta wuri ba, za ta zaɓi rairayin da yara ke wasa a kai, ko tarin hatsi, ko fangalin lambu.

Ku cika tsohuwar tasa ko kasko da busasshen rairayi. Kowace kyanwa ta sami nata. Ku ajiye shi nesa da kwanon abincinta, a inda kare ba zai kai ba, domin kare yana cin kashin kyanwa, sannan ya zo ya lashi hannun yaro. Ana iya kifa tsohon kwando a kai, a yanke ƙofa daidai jikin kyanwa.

Kwashe kashi

- Ku kwashe kullum. Ƙwayar cutar da ke cikin kashin kyanwa ba ta kama mutum sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a waje. Wanda ke kwashewa kowace safiya ya riga ta.
- Ku yi amfani da shebur ko sakaina da aka ware don wannan aiki kaɗai.
- Ku zuba a masai, ko a rami mai zurfi a rufe da ƙasa. Kada a haɗa shi da takin lambu.
- Mace mai juna biyu da ƙananan yara kada su yi wannan aiki.
- Ku wanke hannu da sabulu bayan an gama. In babu sabulu, a yi da toka.
- Kashin yara ma a zuba shi a masai. Kada a bar wa kare ya ci, kada kuma a bar shi ya lashi jikin yaro.

Magani da rigakafi

Kwikwiyo yana buƙatar maganin tsutsa tun yana ɗan mako 2, a maimaita kowane mako 2 har ya kai wata 3. Babban kare da babbar kyanwa a ba su aƙalla sau 4 a shekara. Likitan dabbobi ne zai faɗi irin maganin da yawansa, gwargwadon nauyin dabbar. Akwai maganin ƙuma da kaska na kare wanda guba ne ga kyanwa, don haka ku gaya masa cewa akwai kyanwa a gidan. A shekarar 2003 aka fara kafa tsarin likitocin dabbobi masu zaman kansu da mataimakansu na ƙauye a gundumar Dakoro. Ku tambayi mataimakin da ke kusa da ku, ko ma'aikatar kiwo.

Idan kwikwiyo ya kai wata 3, a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, a kuma riƙa sabunta ta kamar yadda likita ya faɗa. Kyanwa ma tana kamuwa da wannan ciwo, ita ma a yi mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Kusan duka daga cizon kare ne, kuma yara ƴan ƙasa da shekara 15 suna da yawa a cikinsu.

Idan kare ko kyanwa ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu har tsawon minti 15. Sannan a tafi gidan likita a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Kada a jira a ga alama, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana, ba a warkewa. A ɗaure dabbar, a sanar da likitan dabbobi.

Tambayoyi domin tattaunawa

- A gidajenmu, ina kare da kyanwa suke ci, ina suke kashi? Ina yara suke wasa?
- Me muke yi da hanta ko huhu mai ƙullutu a ranar yanka?
- Wa zai ɗauki nauyin kwashe kashi kowace safiya a gidanmu?
- Karnuka nawa ne aka yi wa rigakafi a ƙauyenmu? Za mu iya haɗa kai mu kira likitan dabbobi a rana ɗaya?