Kakakin Damagaram da makaɗan sarkin Rasha

Ƴan uwa ɗalibai, in aka ce babbar ƙungiyar kiɗa, hankalinmu sai ya tafi Turai, wajen mutum ɗari da ke zaune da goge irin na nasara, wani yana gaba yana kaɗa musu ƴar sanda. To amma mu ma muna da tamu tun kaka da kakanni. Duk wanda ya ga hawan salla a Zinder, ko a ƙofar fadar Magariya ko Dungas, ya san kakaki da algaita da tambari ba a haɗa su da ka. Kowa da lokacin shigarsa, kowa da shugabansa.

An kafa daular Damagaram wajen 1731. Ta yi ƙarfi sosai zamanin Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi da ya kewaye birni da ganuwa har ya sa aka ƙera igwa. Kiɗan fada na cikin kayan mulki. Ba a busa wa talaka kakaki komai dukiyarsa. Sana'ar kuwa gado ce, ɗa ya koya wajen uba, sarki ya ci da su. Faransawa sun ci Zinder a 1899, sarauta ta rage ƙarfi, abincin makaɗa ya ragu tare da ita.

Abin mamaki, a Rasha ma daga fada aka faro. A 1882, Tanimun na kan gado ke nan, sarki Alezanda na Uku ya kafa ƙungiyar makaɗan fadarsa a San Fitasbag. Juyin juya halin 1917 ya share sarautar kwata-kwata, amma kiɗan bai mutu ba. Gwamnati ta ɗauki makaɗan da albashi, kowa ya sayi tikiti ya shiga ya saurara. Ga kiɗansu a rubuce, ga makarantar da ke ba su sababbin hannu. Wani gwani, Mirabinski, ya ja ragamarsu shekara 50, daga 1938 zuwa 1988, suka zaga Turai, suka je Amurka a 1962.

Kun ga bambancin? Ba gwaninta suka fi mu ba. Nasu ya fita daga gidan gado ya shiga makaranta, namu ya tsaya cikin kan tsofaffi.

Jiharmu ta ba da misali. Malam Mamman Barka, ɗan Tesker, malamin makaranta ne kuma makaɗin gurmi. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi tafkin Cadi wajen Bukar Tar, tsohon da ya rage da sanin biram, abin kiɗa mai tsirkiya 5 na masuntan Buduma. Ba danginsa ba ne, amma ya koya masa. A 2008 sai ga biram a bikin WOMAD a Ingila. Mamman Barka ya rasu a 2018, ya bar faifai.

Yau a garuruwanmu ƴaƴan masu busa da yawa sun kama kabu-kabu ko sun tafi ci-rani Kano da Libiya, kuma ba laifinsu ba ne, kyautar salla ba ta riƙe gida. Mu kam wayar da ke aljihunmu na ɗaukar murya. In an yi hutu, a je wa sarkin makaɗan garinku da goro da ladabi, a ɗauki take, a rubuta na wane sarki ne, wa ya koya masa, tun tsohon na da numfashin busawa.